Sikanin ƙwaƙwalwa da karkarwar hannu: abin da na'urar take nunawa da inda ƙarfinta ya tsaya

A cikin birnin Zariya, inda ɗinkin hannu ya zama gadon gidaje da dama, babu ranar da maɗinki yake fargaba kamar ranar da zai ɗauki allura ya ga zare ya ƙi shiga kafa saboda yatsunsa suna rawa. A ƙofar gidan da ke maƙwabtaka da shi kuma, mai yiwuwa akwai dattijon da hannunsa na dama yake kaɗawa a kan gwiwa alhali yana zaune bai taɓa komai ba, babban yatsa yana murza manuniya kamar mai jan carbi, amma da zarar ya miƙa hannun zai ɗauki buta sai rawar ta lafa. A bakinmu duka biyun karkarwa ce ko makyarkyata, kuma bayanin da muke yi musu bai cika wuce tsufa ko iska ko sammu ba. A wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kuwa, waɗannan mutane biyu suna iya kasancewa ɗauke da cututtuka biyu da tushensu ya bambanta, maganinsu ya bambanta, kuma abin da zai same su nan da shekara 10 ma ya bambanta.

Dattijon mai hannu a kan gwiwa ya fi kama da mai cutar Parkinson, wadda da yawa daga cikinmu muka fara jin sunanta ta dalilin ɗan damben nan Muhammad Ali, da aka tabbatar masa da ita a 1984 ya kuma rayu da ita har rasuwarsa a 2016. Wani likita a Landan mai suna James Parkinson ne ya fara bayyana ta dalla-dalla a 1817, bayan ya lura da mutum 6. Sai bayan fiye da shekara 100, a 1919, Konstantin Tretiakoff ya nuna a Faris cewa ɓarnar tana faruwa ne a wani ɗan gurbi da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, saman inda ta haɗu da lakar baya. Likitoci suna kiransa da sunan Latin, substantia nigra, wato baƙin abu, domin idan aka yanka ƙwaƙwalwar baligi ana ganinsa kamar zanen gawayi guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. A nan zan kira shi baƙin gurbi. Ƙwayoyin da ke cikinsa su ne suke samar da sinadarin dofamin, wanda yake sa motsin jiki ya tashi cikin sauƙi ya tafi sumul. Idan suka fara mutuwa, jiki yana daɗewa yana rufa asiri, har sai kusan rabinsu ko fiye sun tafi kafin alamu su fito fili. Sannan ne za a ga mutum ya yi nauyin motsi, gaɓoɓinsa sun sandare, takunsa ya gajarce yana jan ƙafa, hannu ɗaya ya daina lilo idan yana tafiya, fuska ta daina nuna fara'a ko ɓacin rai, rubutunsa a allo ko takarda yana farawa da girma yana ƙarewa ƙanana kamar tururuwa. Karkarwar tana zuwa ne lokacin da hannu yake hutawa, sau 4 zuwa 6 a cikin daƙiƙa, kuma kusan kullum daga ɓangare ɗaya take farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 fiye da mutum miliyan 8.5 ne suke da cutar, kuma yawanta ya ninka a cikin shekara 25.

Maɗinkin kuwa ya fi kama da mai abin da zan kira tsurar karkarwa, wato karkarwar da take zuwa ita kaɗai ba tare da nauyin jiki ko sandarewa ba. Tana tashi ne idan hannu ya kama aiki, kamar kai kofin shayi baki, ko zuba miya, ko sa hannu a takardar banki, kuma yawanci hannu biyu take kamawa, wani lokaci har da kai da murya. Ta fi cutar Parkinson yawa nesa ba kusa ba, tana iya farawa tun ƙuruciya, kuma kimanin rabin masu ita za su gaya maka cewa uba ko kaka ko gwaggo ma haka hannunsu yake. Baƙin gurbin mai ita lafiyarsa ƙalau, dofamin ɗinsa bai ragu ba.

Da a ce kowane majinyaci yana zuwa da alamominsa a rarrabe kamar yadda na jero su, da babu buƙatar wata na'ura. Matsalar ita ce a shekarun farko alamun suna cakuɗewa. Akwai mai Parkinson da hannunsa yake rawa har lokacin da ya miƙe shi, akwai mai tsurar karkarwa da ta daɗe a jikinsa har ta fara bayyana yana zaune, akwai kuma masu Parkinson da ba su taɓa yin karkarwa ba sam. Ga kuma sauran abubuwan da suke kwaikwayon ɗaya daga cikin biyun. Maƙoƙo mai sa sinadarin wuya ya yi yawa yana sa yatsu rawa, haka maganin shaƙa na masu asma irin su Ventolin, haka yawan goro da shayi mai kauri, haka faɗuwar sukari a jinin mai ciwon suga. Magungunan taɓin hankali irin su halofaridol da Largactil, da wasu magungunan amai da jiri irin su metokulofuramaid da Stemetil, suna toshe hanyar dofamin har mutum ya koma tamkar mai Parkinson, kuma wannan abu ne da ya kamata ya dame mu a garin da ake sayen irin waɗannan ƙwayoyi a kemis ba tare da takardar likita ba, a sha wata da watanni. Hawan jinin da aka bari shekaru ba a kula da shi ba yana toshe ƙananan hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa, ya haifar da nauyin tafiya da ya fi kama ƙafafu. Sai kuma wasu cututtuka da ba su da yawa amma sun fi tsanani, waɗanda likitoci suke taƙaita sunayensu da MSA da PSP, da suke farawa kamar Parkinson sannan su yi saurin kwantar da mutum, ba su kuma cika jin magani ba.

Ko a hannun ƙwararru wannan rarrabewa tana da wuya. A 1992 wasu masana a Landan sun binciki ƙwaƙwalwar mutum 100 da suka rasu bayan likitoci sun yanke cewa Parkinson gare su, sai suka tarar 76 ne kawai suke da ita, sauran 24 wata cuta ce daban. An sami ci gaba tun daga lokacin, amma har yau kuskuren farko bai ƙare ba, kuma yana da tsada. Lebodofa, maganin da aka fara amfani da shi sosai a ƙarshen shekarun 1960 wanda jiki yake mayar da shi dofamin, yana iya tayar da mai Parkinson daga tabarma ya koma masallaci da ƙafarsa, amma mai tsurar karkarwa idan aka ɗora shi a kansa asarar kuɗi kawai zai yi kowane wata, ga tashin zuciya da jiri. Shi maganinsa na farko furofuranolol ne ko firimidon, kuma furofuranolol ɗin yana da haɗari ga mai asma. Wanda maganin amai ya jawo masa nauyin jiki kuwa, sau da yawa abin da yake buƙata shi ne likita ya janye masa maganin.

Mutum zai yi tsammanin hoton MRI zai raba gardama, tunda shi ne babban hoton ƙwaƙwalwa da muka sani. Yana da amfani wajen gano ƙari, ko tabon shanyewar ɓarin jiki, ko taruwar ruwa a kai, amma a irin hoton da aka saba ɗauka, ƙwaƙwalwar mai Parkinson a farkon ciwo da ta mai tsurar karkarwa duk lafiya lau suke fitowa. Hoton da yake nuna ƙarancin dofamin kai tsaye shi ne wanda ake kira DaTscan, da aka amince da shi a Turai a 2000, a Amurka kuma a 2011. Ana yi wa mutum allurar wani sinadari mai ɗauke da aidin mai fitar da haske, ya je ya manne a ƙarshen jijiyoyin dofamin, sannan wata kyamara ta musamman ta ɗauka. Yana raba Parkinson da tsurar karkarwa da kyau. Sai dai rabin ƙarfin wannan sinadari yana ƙarewa cikin kimanin awa 13, don haka dole a sarrafa shi kusa ko a yi jigilarsa da gaggawa, ga tsada, ga buƙatar sashen asibiti na musamman. Ga manomin Giwa ko ɗan kasuwar Sabon Gari, wannan magana ce ta nesa.

A wannan giɓi ne sikanin ƙwaƙwalwa ya shigo. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin irin na'urar nan ce da matanmu suke zuwa a duba musu ciki da ita lokacin awo. Ba ta amfani da hasken da ke cutar da jiki. Sauti take aikawa, mai siririn amon da kunnen ɗan Adam ba ya ji, domin kunnenmu yana tsayawa ne a wajen kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, ita kuwa miliyoyi take yi. Duk wanda ya taɓa ɗaga murya a gindin dutsen Kufena ya ji ta dawo masa ya san tushen aikin: sauti yana tafiya, ya bugi abu, ya dawo, na'ura kuma ta auna lokacin da ya ɗauka da ƙarfin da ya dawo da shi, ta mayar da su hoto. Inda amsa-kuwwar ta yi ƙarfi sai ya fito fari, inda ta yi rauni ya fito baƙi-baƙi, ruwa kuma baƙi ƙirin.

Abin da ya daɗe yana hana a duba ƙwaƙwalwar manya da ita shi ne ƙoƙon kai, domin ƙashi yana shanye sauti. Jarirai ba su da wannan matsala saboda maɗigarsu a buɗe take, shi ya sa aka daɗe ana duba ƙwaƙwalwar bakwaini ta nan. A kan baligi kuwa akwai wuri ɗaya da ƙashin yake da sirantaka, a gefen kai, gaban kunne kaɗan zuwa sama, inda za ka ji yana motsi idan kana tauna. Likitoci suna kiransa taga. Ana kwantar da mutum rigingine, a shafa masa ɗan mai mai santsi a wurin, a ɗora ƙaramin kan na'ura irin wanda ake duba zuciya da shi, mai aika sauti na kaɗawa miliyan 2 zuwa 3.5 a daƙiƙa, a saita zurfin kallo wajen santimita 14 zuwa 16 yadda za a hango har ƙashin ɗaya gefen. Ba allura, ba zafi, ba a shigar da mutum cikin rami mai ƙara irin na MRI, kuma yawanci ba ya kai rabin awa. Wani abin da ya sa ya dace da masu karkarwa shi ne ko kan mutum yana rawa, mai dubawa yana iya bin motsin da hannunsa, alhali a MRI motsi kaɗan yana ɓata hoto.

A tsakiyar hoton ana ganin tsakiyar ƙwaƙwalwa da siffar malam-buɗe-littafi mai duhu, kewaye da farin gefe. A cikin kowane fiffike baƙin gurbin yake. A yawancin masu lafiya ba a ganinsa sosai, sai ɗan siririn zane ko ɗigo. A 1995 Georg Becker da abokan aikinsa a Jami'ar Würzburg ta Jamus suka ba da rahoton cewa a masu Parkinson wannan gurbi yana fitowa fari kuma da faɗi. Da farko an yi shakkar maganar, domin da wuya a yarda cewa na'ura mai araha za ta ga abin da MRI bai gani ba. Daniela Berg, wadda ta yi aiki tare da shi ta kuma ci gaba da binciken a Tübingen, da Uwe Walter a Rostock, suna cikin waɗanda suka yi ta maimaita gwajin har aka tabbatar da shi a ƙasashe da dama. Abin da aka tsaya a kai shi ne kimanin 9 cikin 10 na masu Parkinson suna da wannan fari mai faɗi, kuma sau da yawa ya fi girma a gefen ƙwaƙwalwar da ke kishiyar hannun da ya fara rawa, tunda ƙwaƙwalwar hagu ce take juya jikin dama.

Ba hasken ake aunawa ba, domin haske yana canjawa da yadda aka murɗa na'ura. Faɗin ake aunawa. Mai dubawa yana tsayar da hoton, ya ƙara masa girma, ya zagaye farin da hannu, na'ura ta lissafa masa. A yawancin na'urori, abin da bai kai 0.20 na murabba'in santimita ba ana ɗaukarsa daidai, abin da ya kai 0.25 ko ya haura kuma ana ɗaukarsa faɗi mai yawa, tsakanin biyun kuwa kan iyaka ne. Yana da kyau mai karatu ya tsaya ya yi tunanin ƙanƙantar abin da ake magana a kai, domin duka faɗin bai fi na ƙosasshiyar ƙwayar dawa da yawa ba, kuma ta cikin ƙashi ake hango shi. Game da dalilin farin, binciken da aka yi a kan ƙwaƙwalwar mamata da ta dabbobi ya nuna yana da alaƙa da taruwar sinadarin ƙarfe a gurbin, tare da tashin wasu ƙwayoyin tsaro na ƙwaƙwalwa. Wani abin da ya ƙarfafa wannan fahimta shi ne masu ciwon nan na rashin natsuwar ƙafafu da dare, wanda aka san yana da nasaba da ƙarancin ƙarfe a ƙwaƙwalwa, gurbin nasu ya fi na kowa dushewa a sikanin.

Yanzu mu koma kan maɗinki da dattijo. Idan likita ya duba ya rasa tabbas tsakanin Parkinson da tsurar karkarwa, sikanin yana karkata ma'auni. Mafi yawan masu tsurar karkarwa gurbinsu yana fitowa daidai, don haka ganinsa daidai a gefe biyu yana rage zaton Parkinson ƙwarai, ganin fari mai faɗi kuma yana ƙara shi. Haka abin yake ga wanda hawan jini ya toshe masa ƙananan hanyoyin jini, domin shi ma yawanci gurbinsa daidai yake. Ga wanda ya sha maganin da ke toshe dofamin, gurbi mai kyau yana ƙarfafa fatan cewa zai warware bayan an janye maganin, fari mai faɗi kuma yana sa likita ya yi zaton ko maganin ya tono cutar da take kwance ne tun da farko.

Inda sikanin ya fi burge ni shi ne wurin da DaTscan mai tsada ya gaza. Masu MSA da PSP su ma dofamin ɗinsu ya ragu, saboda haka hoton DaTscan nasu yana fitowa kamar na mai Parkinson, ba ya raba su. A sikanin kuwa, da yawansu baƙin gurbinsu yana fitowa daidai, sai a ga fari a wani gurbi daban da ke sama da shi, mai siffar ƙwayar wake, wanda a mai Parkinson ba a cika ganin komai a cikinsa ba. Idan aka ɗan karkata kan na'urar sama kuma ana ganin ramin ruwa na uku da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, a auna faɗinsa, kuma a masu PSP yakan buɗe ya wuce milimita 10. Wannan bambanci yana da nauyi ga iyali, domin wanda ke da PSP yana fara faɗuwa da wuri, sau da yawa ta baya, haɗiya tana yi masa wuya, kuma shirin da gida zai yi masa ya sha bamban da na mai Parkinson da zai iya shekaru masu yawa yana harkokinsa da magani. Gurbin nan mai siffar wake yakan yi fari kuma a cutar Wilson, wadda Kinnier Wilson ya bayyana a 1912, inda sinadarin tagulla yake taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa. Matasa take kamawa, kuma tana da magani idan aka gano ta da wuri, shi ya sa duk saurayi ko budurwar da ke karkarwa ya kamata a bincike su a kanta da gwajin jini da fitsari da duban ido, ko an yi sikanin ko ba a yi ba.

A 2013 ƙungiyoyin likitocin jijiyoyi na Turai suka sanya wannan sikanin cikin gwaje-gwajen da suka ba da shawarar amfani da su wajen raba Parkinson da masu kama da ita, tare da sharaɗin a haɗa shi da sauran bincike. Wannan sharaɗi shi ne zuciyar maganar, kuma shi ne abin da nake tsoron a yi watsi da shi ranar da gwajin ya yaɗu a ɗakunan sikanin na kuɗi.

Kimanin 1 cikin 10 na mutane masu cikakkiyar lafiya suna da wannan fari mai faɗi. Bari mu yi lissafi mai sauƙi. A ƙasashen da aka yi ƙidaya, kusan mutum 1 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 ne yake da Parkinson. Idan aka tara dattawa 1,000 aka duba su duka ba tare da la'akari da alamu ba, kimanin 10 ne masu cutar, kuma 9 daga cikinsu za su nuna fari. A cikin sauran 990 masu lafiya kuwa, kusan 99 su ma za su nuna shi. Ke nan a cikin mutum sama da 100 da za a ce an ga wani abu a kansu, 9 ne kacal marasa lafiya. Gaskiya ne cewa farin yana nuna ƙarin haɗari, domin wani bincike da Berg ta jagoranta a kan mutum 1,847 masu shekaru, da aka wallafa a 2011, ya gano cewa masu shi sun ninka marasa shi kusan sau 17 wajen kamuwa cikin kimanin shekara 3. Duk da haka mafi yawansu ba su kamu ba, kuma har yau babu maganin da aka tabbatar yana hana cutar zuwa. Don haka a ganina zalunci ne a duba lafiyayyen mutum da ba ya da wata alama a sallame shi da fargabar da ba abin da zai iya yi a kanta. Gwajin na wanda ya riga ya zo da alamu ne, likita ya duba shi ya rage zato zuwa biyu ko uku. Matsayinsa matsayin shaida ɗaya ne a gaban alƙali, ana saurarensa tare da sauran shaidu, kuma idan ya saɓa wa abin da ido ya gani a jikin majinyaci, ba shi ake bi ba.

Haka kuma ba ya auna tsananin ciwo. An bi masu Parkinson shekara 5 ana maimaita musu sikanin, jikinsu yana ƙara nauyi amma faɗin farin bai canja ba. Alama ce da take nan tun kafin ciwo ya bayyana, ta kuma zauna yadda take. Duk wanda aka ce ya riƙa dawowa kowane wata uku a duba ko magani yana aiki ta wannan hanya, kuɗinsa kawai ake ci.

Sai matsalar taga, wadda ta fi shafarmu. A Turawa, kimanin kashi 10 cikin 100 ƙashin gefen kansu bai bari sauti ya wuce yadda za a ga komai. Adadin ya fi haka a tsofaffin mata, kuma binciken da aka yi da irin wannan taga wajen auna gudun jini ya nuna ya fi haka a mutanen Asiya da baƙaƙen fata. Wato a cikin iyayenmu mata da suka manyanta, waɗanda suke cikin masu buƙatar gwajin, za a sami da dama da za a ɗora musu na'ura a ga duhu kawai. Mai dubawa na gari zai rubuta cewa taga ba ta buɗe ba. Wanda bai ƙware ba, ko wanda yake jin kunyar mayar da kuɗi, zai zagaye wani abu ya ba da lamba. Aikin ya dogara da hannu da idon mai yinsa fiye da yawancin hotunan asibiti, kuma iya duba cikin mai juna biyu ba ya nufin iya wannan. Lambobin 0.20 da 0.25 ɗin ma ba saukakku ba ne, suna canjawa daga na'ura zuwa na'ura, shi ya sa masana suke ba da shawarar kowace cibiya ta fara auna lafiyayyun mutanenta da na'urarta, ta fitar da iyakarta, kafin ta fara yanke hukunci a kan marasa lafiya.

Ina ganin wannan aiki ne da ya dace da gari irin Zariya, mai jami'a tun 1962 da asibitin koyarwa a Shika da majinyata suke zuwa daga jihohi da dama. Arewa ba baƙuwar wannan taga ba ce. An yi shekaru ana ɗora na'ura a gefen kan yara masu sikila a asibitocin Kano, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ana auna gudun jini a manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, domin yaron da gudun jininsa ya kai santimita 200 a daƙiƙa yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki kuma ana iya kare shi. Wancan gudun jini yake aunawa, wannan kuwa naman ƙwaƙwalwa yake kallo, kuma ƙananan na'urorin da ake yi wa yara amfani da su ba duka ne suke fitar da hoto ba. Amma wurin ɗora hannu ɗaya ne, kuma ya nuna cewa ana iya horar da ma'aikatanmu su ƙware a irin wannan aiki. Akwai kuma dalilin da ya sa bai kamata mu ɗauki ma'aunin Jamus mu ɗora a kan mutanenmu ido rufe ba. A 2023 wani babban bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas take cikin jagororinsa, wanda akasarin majinyatan da aka bincika 'yan Najeriya ne, ya gano wani sauyi a ƙwayar gadon da ake kira GBA1 da yake ƙara haɗarin Parkinson a mutanen da asalinsu Afirka ne, wanda kusan ba a samunsa a Turawa. Idan tushen gadon cutar ya bambanta, hankali ya ba da cewa a auna alamominta ma a jikinmu kafin a yarda sun yi daidai da na wasu.

Akwai wani abu mai kama da suna da ya kamata a raba shi da wannan, domin masu neman magani a waje sukan haɗu da shi. Ana amfani da sauti mai ƙarfin gaske, a tattara shi daga kusurwoyi da yawa a kan ɗigo ɗaya cikin ƙwaƙwalwa yayin da mutum yake cikin MRI, a ƙona ɗan wurin da ke haddasa rawar hannu. Amurka ta amince da shi don tsurar karkarwa a 2016. Wancan tiyata ce ba tare da wuƙa ba, da na'ura ta daban mai tsadar gaske, kuma ana yin ta ne ga wanda magani ya gaza a kansa. Sikanin da muke magana a kai kallo kawai yake yi, ba ya ƙona komai, ba ya kuma warkar da komai.

Kafin a kai ga kowace na'ura, abin da ya fi taimakon likita yana hannun iyali. Zai tambaya, “Baba, hannun ya fi rawa in kuna zaune ne, ko in za ku ɗauki abu?” Dattijo sau da yawa ba zai iya tunawa ba, ko kunya ta sa ya rage, don haka ɗan gajeren bidiyo da aka ɗauka da waya a gida, yana zaune, yana tafiya, yana shan ruwa, yana da daraja, musamman da yake karkarwa takan ɓuya ko ta ƙaru a gaban likita. A zuba duk magungunan da yake sha a leda a tafi da su, har da na kemis da na gargajiya da wanda aka daina sha watan jiya. A tafi da wanda yake kwana kusa da shi, domin akwai alamun da suke riga karkarwa da shekaru waɗanda mai ɗaki ce kawai ta san su: ihu da naushi da shure-shure cikin barci kamar mai faɗa a mafarki, daina jin ƙamshin turare ko na girki, da taurin bayan gida da ya daɗe. A kuma tambayi manyan gida tun kafin a fito ko akwai wanda hannunsa ya taɓa rawa a dangin uwa ko na uba, da shekarun da ta fara masa.